Ma'aikaci da Babban Baƙi

A ofis Barista ake ce mata, a gida kuma Auta, duk da ta haura arba'in har furfura ta fara leƙowa ta gefen kunne. Lauya ce, amma in kana neman irin lauyan nan mai baƙar riga da ke miƙewa gaban alƙali yana kaɗa yatsa, to ka ɓata hanya. Tata rigar tana rataye cikin leda a ƙuryar kwaba tun ranar da aka rantsar da su, asu ma ya fara ɗanɗana ta. Ita lauyar cikin gida ce. Kamfani ɗaya take yi wa aiki, albashi take ɗauka kamar kowa, kuma duk yaƙin da za ta yi a kan wani faffaɗan tebur take yin sa, a hawa na tara, gefen tagar da ba a buɗewa.

Kamfanin nasu ko allura ba ya ƙerawa. Sana'arsa ita ce ya tattaro dukiyar masu hannu da shuni, ya nemi wani kamfanin da ya fara tangaɗi, ya saye shi, ya rage masa nauyi, bayan shekara huɗu ko biyar ya sayar da shi ya kwashi riba. Shi wannan nauyin da ake ragewa kuwa, galibi yana da mata da 'ya'ya. Sai dai a hawa na tara ba a cewa kora. "Daidaitawa" ake cewa, ana faɗa ana juya cokali a cikin kofin shayi, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙware ba.

Aikin Barista karatu ne. Kowane ciniki yana zuwa da yarjejeniya mai shafi ɗari biyu ko fiye, ita kuma sai ta ɗora rula a ƙarƙashin layi ta bi shi da jan biro, kalma bayan kalma. An san ta da waƙafi. Ta taɓa mayar wa lauyoyin waje da takarda sukutum, ana saura awa biyu a sa hannu, saboda waƙafi ɗaya ya zauna inda ba wurinsa ba. 'Yan ofis suna shakkarta, suna kuma yi da ita a ɗakin shayi, wai ko katin gayyata aka ba ta sai ta gyara shi kafin ta ce za ta zo.

Akwai wata ƙa'ida a sana'arsu da mutumin titi bai sani ba. Kalma in ta fara da ƙaramin baƙi, ma'anarta ita ce wadda kowa ya sani. Amma in ka gan ta a tsakiyar jimla ta fara da babban baƙi, to ta bar hannun jama'a. Ta zama abin da aka ce ta zama a shafi na biyu, inda ake jera ma'anonin kalmomi, ba ƙari ba ragi. A nan Barista ta yi suna. Shekara tara da suka wuce ta zauna ta ƙera wa kalmar Ma'aikaci ma'ana cikin layi biyu: "Ma'aikaci shi ne wanda sunansa yake cikin rajistar kamfanin kansa kuma yake riƙe da takardar tabbatarwa, ban da duk wanda wani ya kawo." Layin nan ya yi wa kamfani rana sau ba adadi. Saboda shi aka ƙara mata girma, aka matso da teburinta kusa da taga. Ta ji daɗi ƙwarai, kuma har lokacin ba ta taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya da layin ya faɗo wa a ka ba.

Mutum ɗaya ne a duniya da Barista ba ta yi wa gyara, shi ne Yaya. Tana shekara bakwai mahaifinsu ya rasu, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Yaya yana da sha tara a lokacin, saura masa shekara ɗaya ya gama sakandare. Ya ninke kayan makaranta ya ajiye, ya bi layin dogo da ƙafa har masana'antar tukwane da ke bayan gari, ya tsaya a bakin ƙofa kwana tara a jere kafin wani ya gaji da ganinsa ya ce ya shigo. Aka sa shi a injin matsa. Za ka tura masa shimfiɗaɗɗen faifan ƙarfe, ya sauko da ƙara, ya ɗaga, sai ga tukunya. A shekara ta shida injin ya sauko bai jira shi ba, ya tafi da yatsu biyu na hannunsa na dama. Bayan sati uku ya koma bakin injin, ya koyi riƙe biro da ukun da suka rage.

A gidansu ba a taɓa girki da lafiyayyar tukunya ba. Duk waɗanda inji ya karkace wa baki ne, da ake sayar wa ma'aikata da araha, murfinsu ba ya zama sai an danne da dutse. Da su ya ciyar da ita har ta girma. Shi ne ma ya zaɓa mata aikin lauya, wai saboda gardamarta.

"Wannan bakin naki ba zai tafi a banza ba, Auta," yakan ce. "Wata rana sai an biya ki kafin ki yi musu."

Tun da ta gama karatu, duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya kawo mata. Ta haya, ta asibiti, ta makarantar yara, yana ninke su cikin wata 'yar leda a aljihun ƙirji. Ya iya karatu sarai. Daɗi kawai yake ji ya zauna ya harɗe ƙafa yana kallon ƙanwarsa tana bin layi da rula, sannan ta ɗago ta ce, "Sa hannu, Yaya, babu matsala."

Wata Litinin da safe aka shiga taro, aka haska hoton ciniki na gaba a jikin bango. Barista ta ɗago kai sai ta ga koriyar ƙofar nan mai ƙarfe, da bishiyar da take tsayawa a gindinta tana yarinya in ta kai wa Yaya abinci. Tsohon mai masana'antar ya rasu, 'ya'yansa kuma ba su da niyyar shaƙar hayaƙi, so suke su sayar su huta.

Ana tashi daga taro ta wuce ofishin Oga, shugaban kamfanin. Shi mutum ne mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Yana da wata 'yar bishiya a cikin kasko a kan teburinsa, da ɗan almakashi da yake aske mata ganye da shi in yana sauraron mutum.

"Yallaɓai, akwai abin da ya kamata ka sani. Yayana yana aiki a masana'antar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kin kyauta da kika faɗa," ya ce, bai ɗago ba. "Ki sa a rubuce. Sauran aikin duk naki ne, amma fayil ɗin ma'aikata ki bar wa lauyoyin waje. Kada ki buɗe, kada ki nemi a nuna miki."

Haka ƙa'idar aikin take, lauya ba ya sa hannu a inda nasa yake ciki. Barista kuwa ta bi ta sau da ƙafa. Jerin sunayen ma'aikata yana can a ƙarshen yarjejeniya, a rataye na huɗu. Duk lokacin da ta zo wurin sai ta haɗa shafukan ta maƙale su da ƙarfe ta tsallake. Har alfahari take a ranta cewa ko da ido ɗaya ba ta leƙa ba.

Amma ta san abin da ke biyo bayan saye, wa ya fi ta sani? Don haka ta zauna ta rubuta sabon sashe mai layi ɗaya: ba za a sallami kowane Ma'aikaci ba har tsawon shekara uku. Ta shirya hujjoji kamar mai zuwa kotu. Za ta ce 'ya'yan marigayin suna son fita kunyar mutanen ubansu, za ta ce masana'anta ba ta tafiya sai da tsofaffin hannu. Ta kai wa Oga tana jiran dogon ja-in-ja.

Ya karanta, ya yanke wani ɗan ganye, ya ce, "Shekara uku? Sa mana. Ai mu ma muna da imani."

Mutumin da yake iya kwashe sati yana jayayya a kan wa zai biya fentin katanga, shi ne ya amince cikin minti ɗaya. A nan ya kamata ta sha jinin jikinta. Murna ce ta rufe mata ido. Shafi na biyu kuwa ta ɗauko shi daga tsohuwar yarjejeniya ta manna, ba ta ko ɗora masa rula ba, tunda ta haddace shi.

Ranar Asabar da yamma ta je gidan Yaya kamar yadda ta saba. Gidan haya ne, ɗaki biyu da 'yar tsakar gida da igiyar shanya ta raba biyu, shuɗɗan rigunansa na aiki suna ɗiga a kai. Matarsa, wadda Barista ke kira Anti, tana wanke-wanke a bakin famfo. Ya jawo mata kujera, shi ya zauna a kan kifaffen bokiti.

"Auta, ba zan tambaye ki sirrin ofishinku ba, na san da rantsuwa a kanki. Amma zance ya cika wurin aiki. An ce an sayar da mu, an kuma ce mutanenki ne. Abokan aikina sun ce ranar Litinin za su kashe injina, ba za su kunna ba sai an ba kowa takarda da sunansa a jiki. Ni suke jira in ce e ko a'a, tunda na fi kowa daɗewa." Ya sosa dungulmin yatsunsa, kamar yadda yake yi in abu ya dame shi. "Sannan tsohon fomanmu ya buɗe ɗan wurinsa. Injin matsa biyu gare shi, yana neman wanda zai riƙe masa, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Abu ɗaya zan tambaye ki. In tafi, ko in zauna?"

Shekara goma sha biyu tana kamfanin, ba ta taɓa sauko da ko kalma ɗaya daga hawa na tara ba. Ko mijinta a jarida yake jin cinikinsu. Ta dubi hannun nan da ke kan gwiwarsa, tausayi ya kama ta.

"Zauna, Yaya."

"Kin tabbata?"

"Ba za a sallami ko ma'aikaci ɗaya ba har shekara uku. Da hannuna na rubuta, kuma an amince."

Abin takaicin shi ne, a baki babban baƙi da ƙarami sautinsu ɗaya. Ita ta faɗi kalmar da ke cikin takarda, shi ya ji kalmar da ya sani, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ko a mafarki ba ta kawo cewa mutumin da ya shekara talatin da huɗu a bakin inji ɗaya zai rasa suna a rajista ba.

Anti ta tsame hannu daga ruwan kumfa ta ɗaga sama. "Alhamdu lillahi! Ka ji ko, maigida? Yau dai karatun ya yi rana."

Ranar Litinin Yaya ya hau kan durom a tsakiyar masana'anta. Shi ba mai yawan magana ba ne, don haka da ya buɗe baki kowa ya yi tsit. Ya ce ƙanwarsa ce lauyar masu sayen, shi ya raine ta, kuma in ta ce shekara uku to shekara uku ne. Wani daga baya ya ce a dai kawo a rubuce. Yaya ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya ce shi ne takardar, in magana ta canja a zo a kama shi. Aka yi dariya, aka kunna injina. Da yamma ya aika wa tsohon foman cewa ya gode, ya nemi wani.

Aka sa hannu a ciniki. A hawa na tara aka yi tafi, aka raba wa kowa wata 'yar tukunyar gilashi ta ado mai ɗauke da kwanan wata. Barista ta ajiye tata kusa da kwamfuta.

Bayan wata huɗu Oga ya turo mata ɗan ƙaramin aiki. Wasiƙa ce mai shafi ɗaya zuwa ga wani ɗan kwangila da ke kawo wa masana'antar leburori, a sanar da shi ba za a sabunta kwangilarsa ba in wata ya ƙare. Ta rubuta irinta ya fi a ƙirga. Babu sunan kowa a ciki, ba ta kuma shafi fayil ɗin ma'aikata ba, don haka ba ta ga abin kaucewa ba. A zatonta masu shara ne da masu lodi na 'yan kwanaki. Minti ashirin ta gama, ta gyara waƙafi ɗaya, ta tura, ta tafi cin abincin rana.

Ranar ɗaya ga wata, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Anti ce, ko gaisuwa babu.

"Auta, katin yayanki bai buɗe ƙofa ba."

"Wane kati? Ƙila na'urar ce ta lalace."

"Na'ura ba ta lalace ba. Ta buɗe wa wasu. Suna can tsaye a rana tun bakwai, sun fi mutum ɗari uku. An ce musu su je su tambayi wanda ya kawo su."

Barista ta ajiye wayar. Ciniki ya riga ya ƙare, babu abin da ya hana ta buɗewa yanzu. Ta ɗauko yarjejeniyar daga kan kanta, ta zare ƙarfen da ta maƙale shafukan da shi, ta buɗe rataye na huɗu. Ta yi zaton za ta ga shafi goma. Shafi ɗaya da rabi ta gani, sunaye hamsin da takwas. Ta ɗora rula ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta koma farko ta sake bi. Ta bi su a karo na uku. Akwai akawu, akwai direban manaja, akwai mai dafa shayin ofis, amma babu Yaya.

Ta shiga ofishin Oga ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Yallaɓai, mutum ɗari uku da wani abu suna tsaye a waje."

"Ba mu sallami kowa ba, Barista. Kwangila ce ta ƙare."

"Ka ga rataye na huɗu tun kafin in kawo maka sashen nan."

"Na gani mana, shi ya sa na amince. Kina zaton zan ɗaure kaina shekara uku da mutum kusan ɗari huɗu?" Ya ajiye almakashi ya dube ta, da alama mamakinsa na gaske ne. "Wallahi na ɗauka kin sani. Har a raina na ce matar nan ta iya aiki. Ta faranta wa masu sayarwa, ta kwantar mana da masana'anta, kuma ba ta ɗora mana komai ba. Ai ma'anarki ce, ke kika rubuta ta."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta tsaya tana kallon guntayen ganyen da ke kan tebur, ita da aka ce sai an biya ta kafin ta yi musu.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Zan sa a ɗauki yayanki shi kaɗai. Za a sama masa wani abu a sito. Ki faɗa masa ya zo ta ƙaramar ƙofa."

Da la'asar ta isa unguwar Yaya. Wasu maza huɗu cikin shuɗɗan riguna suna zaune a kan benci a tsallaken titi, daura da ƙofar gidan. Ta gaishe su, babu wanda ya amsa. Ɗaya ya tofar da yawu gefe. Ta tarar da Yaya a kan bokitinsa, da rigar aiki da takalmin aiki, katin yana rataye a wuyansa. Yana ganin ta ya miƙe.

"Yauwa, Auta. Na ce musu kuskure ne, ke za ki gyara. Ki je ki nuna musu takardar."

"Yaya, zauna." Ta durƙusa a gabansa da kayan ofis ɗinta. "Wa yake biyan ka albashi?"

"Kamfani mana."

"Sunan wa ke jikin takardar albashin?"

Can ya ce, "Sunan ɗan kwangila ne. Amma ai wannan takarda ce kawai. Injina ɗaya, rigata ɗaya, ƙofar da nake shiga ɗaya."

"Tun yaushe?"

Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta kusa rabewa a wurin ninki. Ita ce takarda ɗaya tak da bai taɓa kawo mata ba. Barista ta karanta a tsaye, babu rula. Shekara goma sha shida da suka wuce marigayi mai masana'anta ya yi wa ma'aikata tayi: duk wanda ya yarda ya ajiye takardar tabbatarwarsa ya koma ƙarƙashin ɗan kwangila, za a ba shi kuɗin sallamarsa nan take, ya kuma ci gaba da aikinsa. Ga sa hannun Yaya a ƙasa, a karkace.

"Me ya sa ka sa hannu a wannan? Me ya sa ba ka nuna mini ba? Ko ɗan aji ɗaya a makarantarmu zai ce maka kada ka…"

"Duba kwanan watan," in ji Anti daga ƙofar kicin.

"Ke, bari," in ji Yaya.

"Ba zan bari ba! Shekara sha shida ina bari. Duba kwanan watan, Barista! Kina zaton daga sama kuɗin makarantar lauyoyi ya faɗo? Da rigar, da littattafan nan masu nauyin bulo? Kina tsakiyar jarrabawa, ya ce kada a ɗaga miki hankali. Ya rantsar da ni."

Barista ta duba. Watan ne kuwa, watan da ya zo ƙofar makarantarsu da ambulan a aljihun ƙirji yana washe baki, ya ce mata adashi ya ɗauka. Ta zauna a ƙasa kusa da magudanar ruwa.

Yaya ya dube ta. "To ni dai ban gane ba. Kin ce ma'aikaci. Ni ba ma'aikaci ba ne?"

Ta jawo ambulan daga jaka, ta juya bayansa. Ta rubuta M, ta rubuta m a gefensa. Ta yi masa bayanin shafi na biyu a hankali, yadda take yi wa sababbin lauyoyi. Ta kuma faɗa masa wanda ya rubuta ma'anar, da wanda ya rubuta wasiƙar ɗan kwangila, ba ta rage komai ba. Ya karɓi ambulan ɗin ya nisanta shi daga ido.

"Wannan babban su ne na ciki."

"E."

"Wannan kuma mu ne." Ya ɗora hannunsa na dama kusa da ƙaramin. "Ƙafa uku gare shi. Ashe ma mun yi kama."

Ya yi 'yar dariya, babu wanda ya taya shi. Ta faɗa masa tayin Oga, na sito da ƙaramar ƙofa. Ya juya ya kalli ƙofar gida, inda ake hango ƙafafun mutanen da ke kan benci.

"Ni na hau durom, Auta. Ni na ce su kunna injina. In bi ta ƙaramar ƙofa su kuma suna tsaye a babba? Ki ce masa na gode."

Ya cire katin daga wuyansa ya rataye a igiyar shanya.

Barista ta rubuta takardar ajiye aiki a satin. Ta yi kyau ƙwarai, babu waƙafin da ya kauce. Tana cikin aljihun teburinta har yanzu, domin yara biyar na Yaya suna makaranta, kuma daga watan nan gida biyu ne a kan albashinta. Ta gwada gyara ma'anar a ciniki na gaba. Oga ya dawo mata da shafin da rubutun fensir a gefe, cewa a mayar da shi yadda yake. Ta mayar. Tsohon foman ya riga ya ɗauki wani. Mutanen da Yaya ya shekara talatin yana cin abinci da su a gindin bishiya suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Bai taɓa yi mata gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai cin ta.

Bayan wata bakwai, wata Asabar da hantsi, ya zo gidanta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya same ta a kicin, ta ɗora tsohuwar tukunyar nan mai karkataccen baki da ta taho da ita daga gida, ta danne murfin da dutse. Ya zauna a bakin tebur, ya zaro 'yar ledarsa daga aljihun ƙirji.

"Na samu gadi a wani sito. Sun ce in sa hannu in mayar ranar Litinin."

Ta goge hannu, ta juya za ta ɗauko rula.

"Bar ta," ya ce. "Ba sai kin wahala da karanta duka ba. Baƙin kawai za ki duba mini. Babba ne ko ƙarami?"

Ta buɗe shafi na biyu. Kamfanin ba nasu ba ne, ba ta ma taɓa jin sunansa ba. Amma lauyoyi suna kwafar juna, layi mai kyau kuma yakan yi tafiya. Ga ma'anarta nan kalma da kalma, har da waƙafin da ta sa kafin "ban da duk wanda wani ya kawo." A ƙasa an rubuta cewa mai sa hannu ya amince shi ba Ma'aikaci ba ne.

Murfin tukunyar yana ta karkarwa a ƙarƙashin dutse. Yaya yana kallon bakinta.

"Ƙarami ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya jawo takardar gabansa, ya miƙo mata yatsunsa uku.

"To ba ni biro."